Yadda Ake Jona Kwamfuta da Talabijin Ba Tare da An Ƙona Kafa Ba

Jona kwamfuta da talabijin aikin minti biyar ne idan an dace da waya. Ba a nan mutane ke asara ba. Asarar tana zuwa ne daga baya: kafar HDMI da ta mutu ran da aka yi tsawa, wadda ta saki saboda waya ta daɗe tana rinjayar ta, ko filashin wani baƙo da ya shigo wa kwamfutar ofis da bairus a wajen taro. Zan bi aikin daga farko, amma zan fi daɗewa a kan kare kafofin, domin wayar da ta lalace da kuɗi kaɗan ake sauya ta, ita kuwa kafa a jikin bod take, wato babban allon lantarki da ke cikin na'urar.

Duba kafofin tukuna, kafin ka sayi komai

Ɗauki fitilar wayarka ka leƙa bayan talabijin ɗin da gefensa. Kafar HDMI siririya ce a kwance, an ɗan yanke kusurwoyinta biyu na ƙasa, kuma akwai rubutu kusa da ita: HDMI 1, HDMI 2, wani lokaci har 3 ko 4. Ita ce ta fi dacewa, domin waya ɗaya ce ke ɗaukar hoto da sauti tare. Idan ka ga an rubuta ARC ko eARC a jikin ɗaya, ka bar ta ga lasifika idan kana da ita, ka yi amfani da wata.

Tsofaffin talabijin suna zuwa da VGA, wato shuɗiyar kafar nan mai huji 15 a jere uku, da wurin ɗaura kusa biyu a gefe. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, kuma hoto kawai take ɗauka. A bayan talabijin sau da yawa ana rubuta PC IN ko RGB a kanta, da wani ƙaramin rami kusa da ita na sauti. Idan da ita za ka yi aiki, sai ka ƙara da wayar sauti mai bakin milimita 3.5, irin bakin iyafis, daga kwamfuta zuwa wannan ramin.

Yanzu juyo kan kwamfutar, a nan ne ake yawan kuskure. Laftof na hannu da suka cika kasuwa, irin waɗanda aka yi wa ofisoshi, da yawansu ba su da HDMI ko kaɗan. HP EliteBook 840 G3, alal misali, DisplayPort gare shi da VGA. ThinkPad T440 da T450 kuma Mini DisplayPort suke da ita. DisplayPort ta yi kama da HDMI ƙwarai, sai dai kusurwa ɗaya kawai aka yanke mata, ba biyu ba. Wanda bai lura ba zai yi ta cusa wayar HDMI yana cewa kafar ce ta yi tsauri, har ya karya harshen robar da ke ciki. Duk kafar da waya ta ƙi shiga da sauƙi, ka tsaya ka sake dubawa. Haka kuma yawancin wayoyin DisplayPort suna da ƙugiya da ke kama kafar, dole ka danne maɓallin da ke bisa kan wayar kafin ka zare.

Sababbin laftof kuma USB-C suke kawowa, amma ba kowace USB-C ce ke fitar da hoto ba. Nemi alamar walƙiya kusa da ita, wadda ke nuna Thunderbolt ce, ko alamar harafin D na DisplayPort. Idan babu alama, rubuta lambar samfurin laftof ɗin a intanet ka duba bayaninsa kafin ka sayi adafta.

Mai kwamfutar tebur da ke da katin hoto na daban, kafofin katin zai jona, waɗanda ke can ƙasa a bayan akwatin, ba na sama da ke kusa da kafofin USB ba.

Waya da adafta

Adafta hanya ɗaya take bi, kuma wannan ne abin da masu shago ba sa cika faɗa. Wadda ke mayar da HDMI zuwa VGA daban ce da wadda ke mayar da VGA zuwa HDMI, ba sa maye gurbin juna. Idan ka je saye, ka faɗa wa mai shagon da bakinka: kwamfutata kafa kaza gare ta, talabijin ɗina kafa kaza. Daga VGA zuwa HDMI sai konbata mai ƙaramar wayar USB ta shan wuta da bakin sauti. Daga DisplayPort zuwa HDMI kuwa 'yar ƙaramar adafta ta isa a yawancin kwamfutoci.

Ita wayar HDMI, kada a ruɗe ka da baki mai ruwan zinare da kwali mai ƙyalli. Saƙon da ke bi ta cikinta na lambobi ne, ko ya isa ko bai isa ba, tsada ba ta ƙara wa hoto kyau. Abin da za ka duba shi ne rubutun da ke jiki. High Speed ta ishi hoton 1080p. Don 4K mai motsi 60 a daƙiƙa, wanda HDMI 2.0 ta kawo a 2013, nemi Premium High Speed. Ultra High Speed ta masu 4K mai motsi 120 ce, wato HDMI 2.1 ta 2017, kuma in ba wasan bidiyo mai nauyi kake yi ba, ba ka buƙatar ta. Amma araha ba ta ado: wayar da bakinta ke girgiza a cikin kafa, ko wadda ta yi siririya kamar zare, ita ce za ta riƙa ɗauke hoto tana maidowa.

Tsawo ma yana da ruwa a ciki. Mita 2 zuwa 3 babu matsala. Daga mita 5 zuwa sama sai an zaɓi mai kauri da inganci. Idan nisan ya wuce mita 10, kamar a masallaci, aji ko zauren taro, gara ka nemi wayar HDMI ta faiba ko na'urar da ke tura hoton ta wayar Cat6, irin wayar intanet. Ta faiba tana da kai da gindi: bakin da aka rubuta Source na kwamfuta ne, wanda aka rubuta Display na talabijin. Ka gwada ta a ƙasa kafin mai aiki ya bi da ita cikin silin.

Yadda za ka jona, bi da bi

An ƙera HDMI yadda za a iya cusa ta da zare ta na'urori suna kunne. Wannan gaskiya ne a gidan da wayarin ɗinsa ke da at mai kyau. Gidajenmu da yawa ba su da shi, ko kuma an sa soket mai ido uku amma ido na ukun ba a haɗa shi da komai ba. A irin wannan gida jikin talabijin ko na laftof mai caja a jiki yana tara wata 'yar wuta da ba ta da hanyar sauka, wadda za ta iya kaiwa wajen rabin bolt 230 na gidan, ko da yake ba ta da ƙarfi sosai. Ita ce kake ji tana ɗan tsikarinka idan ka taɓa gefen laftof na ƙarfe ba takalmi a ƙafarka. Ita ce kuma ɗan tartsatsin da ake gani a duhu idan bakin waya ya taɓa kafa. Mutum ba ta yi masa komai, amma ƙananan kayan da ke bayan kafar HDMI da bolt 5 ko ƙasa da haka suke aiki.

Don haka ga tsarin da ya fi aminci. Kashe talabijin ka zare filoginsa daga bango, ba da rimot kawai ba. Cire caja daga laftof, ya tsaya a kan batir, in ta tebur ce ka kashe ta ka zare. Cusa waya a talabijin, ka riƙe kan wayar ba jikinta ba, ka tura a miƙe. Cusa ɗaya bakin a kwamfuta. Sannan ka mayar da filogi, ka kunna talabijin, ka kunna kwamfuta.

Abu na biyu, wanda ya kai na farko muhimmanci: talabijin da kwamfuta su sha wuta daga ekstenshin ɗaya. Kada ɗaya ya kasance a kan inbata ɗaya a kan wutar NEPA, ko ɗaya a janaretanka ɗaya a layin maƙwabci. Idan wutarsu ta bambanta, wayar HDMI ce za ta zama gadar da bambancin zai bi. Idan kuma tsikarin nan ya wuce tsikari ya zama jan wuta na gaske, bar maganar talabijin, kira mai wayarin ya duba gidan.

Yanzu ɗauki rimot ka danna Source ko Input, ka zaɓi lambar kafar da ka cusa. A Windows, danna maɓallin Windows tare da P. Zaɓi huɗu za su fito a gefe. Duplicate yana nuna abu ɗaya a allo biyun. Extend yana mai da talabijin ƙarin fili, sai ka ja abin da kake so da maus ka kai can. Second screen only yana kashe allon laftof ya bar talabijin. PC screen only shi ne komawa yadda kake. Don kallon fim, Second screen only ya fi ba da hoto mai kyau, domin a Duplicate kwamfuta kan daidaita girman hoton da allon da ya fi ƙanƙanta. A Mac, shiga System Settings sannan Displays.

Gyara hoto da sauti

Danna dama a kan fili ka shiga Display settings. Danna Identify ka ga wanne ne 1 wanne ne 2, ka zaɓi talabijin, ka sa masa girman hotonsa na asali: 1920 × 1080 ga Full HD, 3840 × 2160 ga 4K. Talabijin masu inci 32 da yawa 1366 × 768 ne ainihinsu, ko da kwalin ya cika baki. Idan rubutu ya yi ƙanana daga inda kake zaune, ɗaga Scale zuwa 150 ko 200 cikin ɗari, kada ka rage girman hoton.

Idan ka ga gefen hoton ya yanke, layin ƙasa na Windows ya shige ciki, ba laifin kwamfuta ba ne. Talabijin ne ke ɗan faɗaɗa hoto, al'adar da ya gada tun zamanin mai ƙusumbi. A saitin girman hoto, LG suna kiran maganin Just Scan, Samsung Screen Fit ko Fit to Screen, Sony kuma Full Pixel. Daga nan rage Sharpness sosai, domin shi ke sa rubutu ya yi wani farin zobe. Idan maus yana jan ƙafa, kunna Game Mode. Mai talabijin 4K da ya ga kwamfuta ta tsaya a motsi 30, sai ya buɗe wa kafar cikakken ƙarfinta: Input Signal Plus a Samsung, HDMI Ultra HD Deep Colour a LG, Enhanced format a Sony.

Ga wata 'yar dabara ga masu kallon ƙwallo. Wasannin Turai da na nan Afirka a tsarin motsi 50 a daƙiƙa ake ɗaukar su, kwamfuta kuma 60 take turawa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ƙwallo tana ɗan tsalle idan kyamara ta bi ta. Shiga Advanced display ka sa talabijin a 50 Hz, ka kwatanta da idonka.

Sauti kuwa, danna alamar lasifika a ƙasan allo ka zaɓi sunan talabijin a jerin na'urori. Idan kana so ka rufe murfin laftof aiki ya ci gaba, shiga Control Panel, Power Options, Choose what closing the lid does, ka zaɓi Do nothing. Ni dai ba na son wannan a watan Maris da Afrilu. Laftof a rufe cikin zafin bazara, yana tura bidiyo, ga shi an ɗora shi a kan kafet, kashe shi ake yi a hankali. Bar murfin a ɗan buɗe, ka ɗora shi a kan tebur.

Idan talabijin ya ce No Signal, bi da sauƙi kafin ka zargi kafa: tabbatar da lambar HDMI, sake danna Windows da P, danna Detect a Display settings, sannan Windows da Ctrl da Shift da B tare, wanda ke farfaɗo da direban hoto. In duk bai yi ba, zare filogin talabijin na minti ɗaya, ka gwada wata kafar da wata wayar. Idan komai na fitowa amma Netflix da makamantansa baƙin allo suke nunawa, kariyar kwafi ce mai suna HDCP, kuma yawanci konbata ko sifilita mai araha ce ta jawo.

Ba tare da waya ba ma ana yi. Windows da K yana nemo talabijin masu Miracast, kuma wannan ba ya cin data, domin kai tsaye na'urorin biyu ke magana. Cast na cikin Chrome da AirPlay na Mac sun fi son a kasance a kan Wi-Fi ɗaya. Don nuna takardu da hotuna sun wadatar. Don ƙwallo da wasa, waya ta fi.

Abin da ke kashe kafa

Na farko tsawa ce, kuma ba ta soket kaɗai take shigowa ba. Dish yana kan rufi, wayarsa ta sauko ta shiga dikoda, dikoda ta shiga talabijin ta HDMI 1, kwamfutarka tana HDMI 2. Ba sai aradu ta faɗa kan gidan ba, ta sauka kusa ma ya isa ta cusa wa doguwar wayar nan wuta. Daga nan hanya a buɗe take har cikin laftof. Shi ya sa bayan ruwa mai ƙarfi za ka ga talabijin yana kunnuwa lafiya, yana nuna hoton filashi, amma duk kafofin HDMI sun yi shiru. Ekstenshin mai kariya ba zai hana wannan ba, tunda wayar dish ba ta cikinsa take bi ba. Da hadari ya haɗo, kwance wayar dish daga dikoda, zare HDMI daga kwamfuta, zare filogi. Wayar eriya da wayar intanet da ta fito daga waje ma haka.

Na biyu, dawowar wuta. Lokacin da aka maido ta ne take zuwa da hauka. Sayi abin da masu shago ke kira TV guard, mai jinkirta wuta na ɗan lokaci kafin ya sake ta, mai kuma yankewa idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa. Sitabilaiza aikinsa daidaita wutar da ta ragu ko ta ƙaru, bai da saurin tare bugu na farat ɗaya, don haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Kafin a juya zuwa janareta ko a kashe shi, kashe talabijin daga soket.

Na uku shi ne wanda ba a lura da shi sai ya gama ɓarna: nauyi da fizga. Kafar HDMI ba ta da kusa kamar VGA, dalma ce kawai ke riƙe da ita a jikin bod. Talabijin a bango, waya mai kauri ta fito ta lanƙwashe tana tokare da bango, wata shida tana danna kafar gefe guda. Sai hoto ya fara zuwa yana tafiya, sai an riƙe wayar da hannu yake tsayawa. Maganinsa adafta mai lanƙwasa, wadda ke juyar da bakin waya ƙasa ko gefe, da kuma ɗaure wayar a jikin ƙarfen da ke riƙe talabijin, a bar mata ɗan sassauci kamar tsawon hannu kafin kafar. Wayar da ta ratsa tsakiyar ɗaki kuwa a bi da ita gefen bango, ko a manne ta da salatif mai faɗi. Yaro ɗaya ya yi tuntuɓe da ita, laftof da kafa sun tafi tare.

Inda ake cusawa da zarewa kullum, kamar aji, ofis ko gidan kallon ƙwallo, sayi guntuwar wayar ƙari mai namiji da mace, mai tsawon santimita 20 zuwa 30. Cusa ta a talabijin sau ɗaya ka bar ta har abada, kowa ya riƙa jonawa a bakinta. In ta gaji, a sauya ta. Idan na'urori sun fi kafofi yawa, HDMI switch zai hana ka yawan zare-zare.

Sai ƙurar hunturu. Kafofin da ba a amfani da su a toshe su da 'yan murafen roba da ake sayarwa, in babu, guntun salatif na wuta ya isa. Yana hana ƙura, yana hana zanzaro cika ramin da laka a ɗakin da ba a cika shiga ba. Wajen sharewa, kashe wuta, yi amfani da busasshen buroshi mai laushi ko abin hura iska. Ban da allura, ban da hurawa da baki.

Kafar USB ta talabijin ma a kula da ita. Yawanci rabin amfiya take bayarwa, wadda aka rubuta HDD a kanta ta kai amfiya 1. Ba wurin cajin waya ba ce, kuma a gidan kallo, da ka bar ta a buɗe, kafin a tafi hutun rabin lokaci wani ya laƙa wayarsa. Toshe ta.

Abin da ke fita da abin da ke shiga

HDMI ba ta ɗaukar fayil, don haka kada ka damu cewa bairus zai biyo ta daga talabijin. Haɗarinta shi ne tana nuna duk abin da ke allonka ga duk wanda ke ɗakin. Saƙon WhatsApp, alat na banki, sunan fayil, duk sukan faɗo a tsakiyar jawabi. Kafin ka jona a gaban jama'a, kunna Do not disturb a Windows 11 ko Focus assist a Windows 10, ka zaɓi Extend maimakon Duplicate, ka kai abin da za a gani kaɗai can. A zauren haya, inda wayar ta shige bango ba ka san inda ta ɓulla ba, ka ɗauka cewa ana iya naɗar abin da ka tura, domin na'urar yin hakan ƙarama ce kuma ba ta da tsada. Kada ka buɗe abin sirri a kai. In za ka tashi, kulle allon da Windows da L.

Shi kansa talabijin mai intanet yana kallon abin da ake nunawa a kansa, har wanda ya shigo ta HDMI, yana aika bayani ga kamfani don talla. A 2017 hukumar kare ciniki ta Amurka, FTC, tare da jihar New Jersey, sun sa kamfanin Vizio biyan dala miliyan 2.2 saboda tattara irin wannan bayani ba da yardar masu talabijin ba. A Samsung kashe Viewing Information Services, a LG kashe Live Plus. Idan talabijin ɗin na ofis ne, allo kawai ake buƙata, kada ma a sa shi a intanet.

Ƙofar da ɓarna ta fi shigowa ita ce USB. A kowane taro sai an sami mai cewa, Malam, ga filashina, ɗan sa min takardata. Filashin nan ya zaga shagunan buga takardu da na tura waƙoƙi. Fara da kashe AutoPlay a Settings. Idan ka buɗe filashi ka ga manyan fayiloli sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a kusurwa, kada ka danna ko ɗaya, bairus ɗin nan ne da ya addabi shaguna, zare shi. Ka buɗe wa kwamfutar taro asusu na daban wanda ba na mai gudanarwa ba, ta yadda ko an danna wani abu ba zai iya girka kansa cikin sauƙi ba. Mafi sauƙi duka, a turo maka takardar ta imel tun kafin taro.

Idan kana so ka rufe filashi gaba ɗaya a Windows Pro, danna Windows da R, rubuta gpedit.msc, bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, Removable Storage Access, ka kunna All Removable Storage classes: Deny all access. Maus da kibod za su ci gaba da aiki. Windows Home ba shi da wannan, sai ta regedit: a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Services, USBSTOR, mayar da Start daga 3 zuwa 4. In kana so ka buɗe, ka mayar da 3. Kada ka taɓa komai ban da wannan a wurin.

Wannan bai hana wani ya kashe kwamfutar ya tashe ta daga filashinsa ba. Shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ya tashi, lokacin kunnawa, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ka sa kalmar sirrin mai gudanarwa, ka hana tashi daga USB. Rubuta kalmar a takarda ka adana, domin a sababbin laftof cire ƙaramin batirin ciki ba ya goge ta. Kunna BitLocker ma, mai kulle bayanan da ke cikin kwamfuta, ka ajiye mabuɗin ceto a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba.

Akwai kuma na'urar da siffarta ta filashi ce amma tana gabatar da kanta a matsayin kibod, ta buga umarni da kanta cikin daƙiƙu. Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna wannan a taron Black Hat na 2014, suka kira shi BadUSB. Rufe filashi ta manhaja ba ya tare ta, tunda kwamfuta kibod take gani. Ga kwamfutar da ke zaune a wurin jama'a, a liyafar otal ko ɗakin jira, maganin shi ne matoshin USB masu mabuɗi, ko a kulle akwatin cikin kabad mai iska, waya kawai ta fito. Mai Thunderbolt ya buɗe msinfo32 ya tabbatar Kernel DMA Protection yana kunne.

Kafofin da ido ba ya gani, na hanyar sadarwa, su ma a rufe. A Wi-Fi ɗin da ba naka ba, sa shi a Public, bar Firewall a kunne, kashe raba fayil da Remote Desktop. Ta kafa mai lamba 445, ta raba fayil, bairus ɗin WannaCry ya bi ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayun 2017. A Settings, Projecting to this PC ya zauna a kashe. A talabijin, saita shi ya riƙa neman izini ko lamba kafin wata waya ta tura masa hoto, in ba haka ba duk wanda ke da kalmar Wi-Fi zai iya katse maka kallo da abin da ya ga dama. Idan rauta tana da layin baƙi, sa talabijin a can. Sabunta manhajarsa kuma sai lokacin da kake da tsayayyiyar wuta, domin ɗaukewa a tsakiyar sabuntawa na iya hana shi tashi.

Idan kafa ta riga ta mutu

Gwada dikoda a kafar da kake zargi, ka gwada kwamfutar a wani talabijin, sai ka san wanda ke da laifi. In kafa ɗaya ce ta talabijin, toshe ta ka koma wata, ka ƙara HDMI switch idan sun yi kaɗan. In ta laftof ce, duba ko DisplayPort ko USB-C za su fitar da hoto, ko ka sayi adaftar USB mai fasahar DisplayLink, wadda ke buƙatar direba amma ta ishi aikin ofis. Idan za ka kai wa mai gyara, gaya masa yadda abin ya faru: kafar da ke motsi sau da yawa dalma kawai take so, wadda tsawa ta taɓa kuma a fara auna ƙananan kayan kariya da ke bayanta kafin a yanke maka kuɗin sabon bod.